Tiyar Goggo da Fom ɗin Litinin

Ina aji shida na firamare Baba ya fara aikena awo ni kaɗai. Ranar kasuwar wani ƙauye ce da ke gabas da mu. Ya ba ni kuɗin gero tiya goma, ya ja mini kunne cewa in tsaya a auna a gabana, kada in ɗauke ido. Ban kuwa ɗauke ba. Da bakina na ƙirga tun daga ɗaya har goma, mai awon ma ya ƙara mini gyara cikin tafin hannu. Da na iso gida Inna ta shimfiɗa tabarma ta sake aunawa da tiyarta, sai ga tara da ɗan abin da bai kai rabi ba. Na yi ta rantsuwa har hawaye suka zubo. Goggo, yayar Baba, wadda ta shekara da shekaru tana awo a zauren gidanta, ita ta raba ni da bulala. Ta ɗauki tiyar Inna ta kifa ta, ta ƙwanƙwasa gindinta da yatsa, ta ce, "Ku ƙyale yaron nan, ba wanda ya cuce shi. Tiyar can daban, ta gidan nan daban."

Na manta da wannan magana har sai wata Lahadi da yamma da na kai wa ƙanwata ziyara. Ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin karkara. Na same ta a bakin baranda, ƙatuwar rajista a cinya, biro a baki, tana bin layi da yatsa. Ta ce, "Yaya, yi haƙuri in gama na Litinin tukuna." Fom ne da take cikawa duk mako, inda take rubuta mutum nawa ta gani da alamun kwalara, nawa da ƙyanda, nawa da sanƙarau, da sauran cututtukan da hukuma ta ce a sa musu ido. Na leƙa na ga ta tsallake wata mata da aka rubuta wa gudawa a rajista, ba ta saka ta a gidan kwalara ba. Na ce ai gudawa gudawa ce. Ta yi dariya ta ce, "Wadda ka sani daban, Yaya, wadda fom ya sani daban." Sai na ji kamar Goggo ce ta dawo duniya.

Abin da take nufi shi ne kowace cuta da ke cikin jerin tana da ma'anarta a rubuce, kuma da ita ake awo. Kafin a ƙirga mutum cikin waɗanda ake zargin suna da ƙyanda, sai an ga zazzaɓi da ƙuraje da suka feso a jiki, tare da tari ko mura ko jan ido. Kafin a ce ana zargin kwalara a wurin da ba a riga an tabbatar da ɓullarta ba, sai mai ciwon ya kai shekara 2 ko fiye, gudawar ta zo farat ɗaya kamar ruwa, jikinsa ya bushe ƙwarai, ko kuma ta yi ajalinsa. Na shan inna kuwa duk yaron da bai kai shekara 15 ba da hannu ko ƙafa ta saki masa kwatsam, ta yi laɓo-laɓo. Matar da ƙanwata ta tsallake ta sha ruwan gishiri da sukari ta koma gida da ƙafarta, don haka ba ta cika tiyar ba.

Da gangan aka yi wa wannan tiya faɗin baki. Ba a nemi ma'aikaciyar ƙauye ta rantse cewa abin da ta gani ƙyanda ce ba, an dai nemi ta kwaso duk abin da ya yi kama da ita. Gero ne da aka sussuka ba a sheƙe ba, tsaba da ƙaiƙayi duk a haɗe. Shiƙa aikin ɗakin gwaje-gwaje ne, inda ake duba jini ko bahaya ko ruwan ƙashin baya a raba zargi da tabbaci. Amfanin ma'anar ɗaya ne tak: idan ma'aikaci a Gumel ya rubuta 10, wani a Ogoja ya rubuta 10, wanda ke zaune Abuja ya iya haɗa su ya ce 20 ba tare da ya yi wa kansa ƙarya ba.

Tiyar kanta takan canza, kuma nan ne ake yawan tuntuɓe. Tsohuwar ma'anar kwalara daga shekara 5 take farawa, saboda gudawar ƙananan yara tana da dalilai barkatai. Daga baya aka sauko da ita zuwa shekara 2. A bangon asibitin ƙanwata na ga tsohuwar takardar har yanzu a manne, rana ta cinye launinta, sabuwar kuma tana cikin wayarta. Duk wanda ya karɓe ta aiki ranar da ba ta nan, da ta bango zai auna.

Mu Hausawa ba baƙin wannan tunani ba ne. Duk ƙarshen azumi sai an tayar da zancen sa'i da mudun Annabi, ana tambayar malamai kwano nawa na kasuwa ne zai fitar da zakkar fid da kai ta mutum ɗaya, tunda sa'i ɗaya mudun Annabi huɗu ne, kwanon kasuwa kuwa kowane gari da nasa. Akwai gidajen da ke ajiye ɗan mudun nan shekara da shekaru, maƙwabta na zuwa aro. Wato mun daɗe da sanin cewa idan abu ya zama wajibi a kan kowa, dole a sami ma'auni guda da za a riƙa komawa gare shi.

A fagen lafiya Najeriya sai da ta sha wuya ta koyi wannan. Annobar zazzaɓin shawara ta 1986 zuwa 1987 ce ta tona asirin cewa ƙasar ba ta da tsayayyar hanyar jin labarin cuta da wuri, shi ya sa a 1988 aka kafa tsarin sa ido da kai rahoton cututtuka. Bai hana sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kama mutum fiye da 100,000 a arewa, ya kashe fiye da 11,000. Irin waɗannan annobai ne suka sa a 1998, a taron da suka yi a Harare, ministocin lafiya na Afirka ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da tsari guda da ake kira IDSR, wanda zai haɗe sa ido kan cututtuka daban-daban a hanya ɗaya. Najeriya ta karɓe shi a 2001. Hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta zo a 2011, dokar da ta ba ta cikakken iko kuma sai a Nuwamban 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu. A can sama da duka akwai dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa na 2005, da suka fara aiki a 2007, waɗanda suka wajabta wa kowace ƙasa ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya cikin awa 24 da zarar ta auna ta ga wani lamari na iya zama barazana ga duniya.

Duk wannan a takarda ne. A ƙasa kuwa, rahoto hanyar hatsi yake bi. Manomi ya kai kwano biyar kasuwar ƙauye, mai saro ya tara ya cika buhu, dillali ya haɗa buhuna ya cika mota, mota ta sauke a Dawanau. Haka ƙanwata take miƙa nata ga jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, wanda ma'aikata ke kira DSNO, kuma kowace daga ƙananan hukumomi 774 tana da nata. Shi ya haɗa na asibitocin yankinsa ya tura wa babban jami'in annoba na jiha, jiha ta tura Abuja. Fom-fom ɗin ma lamba gare su. Akwai 001 na gaggawa, wanda ba ya jiran ƙarshen mako, da an ga mutum ɗaya sai a sanar cikin awa 24. Akwai 002 na mako-mako, akwai 003 na wata-wata. Duk ɗan kasuwar hatsi zai gaya maka cewa buhun da aka cika da tauyayyar tiya a ƙauye ba ya cika da kansa a hanya. Abin da ya ɓace a hannun farko ya ɓace ke nan, komai kyan ofishin da zai sauka.

Goggo ta san hannu iri biyu a awo. Akwai mai tozo, wanda ke tula hatsi har yana zuba don a ce yana da kirki. Akwai mai bugun gindin tiya da dutse ta loɓa ciki, idonka na ganin ta cika, alhali an ci maka. Dukansu suna cikin harkar rahoto. Idan aka ji cewa za a kawo kayan agaji, adadi kan yi tozo. Sai dai tauyewa ta fi yawa kuma ta fi haɗari, domin ba mai mulkin da ke son a ce kwalara ta ɓarke a ƙasarsa. Sai ka ji an lanƙwasa harshe an ce "amai da gudawa", kamar canza sunan zai sa ta yi sauƙi. Ƙaramin ma'aikaci kuma yana karanta fuskar na sama da shi. Idan ya lura duk wanda ya kawo mummunan labari tuhuma ake yi masa, ba sai an ce masa ya rage ba. A 2021 an ƙirga waɗanda ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya sama da 110,000, mamata sama da 3,600, kuma wannan adadin waɗanda suka shiga tiya ne kawai.

Abin da ya fi burge ni a tsarin duka shi ne matsayin da ya ba sifiri. Ƙa'ida ce ko ba ka ga kowa ba ka aika fom ka rubuta 0. Na tambayi ƙanwata mene ne amfanin wahalar da kai a kan babu. Ta ce in tambayi uwar adashi. Matar da ta aiko yarinya ta ce "Inna ta ce yau ba ta samu ba" da wadda aka ji ta shiru, ai ba ɗaya suke ba a wurin mai riƙon kuɗi. Ta farko an san halin da take ciki. Ta biyu ko mantuwa ce, ko tafiya, ko ciwo, ko guduwa, Allah kaɗai Ya sani. Shi ya sa ake auna kowace jiha da abu biyu, ko rahotanninta sun cika da kuma ko sun iso a kan lokaci, kuma abin da ake nema aƙalla kashi 80 cikin 100.

Borno ta nuna mana tsadar ɗaukar shiru a matsayin sifiri. Daga Yulin 2014 Najeriya ta yi shekara biyu ba a ga ƙwayar shan inna ta asali ba, har an fara shirin murna. A Agustan 2016 sai ga yara biyu sun shanye, ɗaya a Jere ɗaya a Gwoza. Da aka bincika ƙwayar, aka gano jikar wadda aka yi wa ganin ƙarshe a Borno ce tun 2011. Shekara biyar tana yawo a garuruwan da rikicin Boko Haram ya rufe, inda asibitoci suka watse, babu mai cika fom balle ya rubuta sifiri. Sai a ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da wannan ƙwaya.

Masu yaƙi da shan inna suna da wata dabara da na tabbata Goggo za ta yaba. Idan sarkin kasuwa yana zargin tiyar wani, ba ya tsayawa musu. Hatsin da ya san yawansa yake kawowa ya zuba a ciki, tiyar ta faɗi gaskiya da kanta. To, an san cewa ko babu shan inna ko kaɗan a gari, akwai wasu cututtukan da ke sa gaɓar yaro ta saki. Saboda haka aka ce a ƙasashen da cutar ta daɗe, cikin kowane yara 100,000 'yan ƙasa da shekara 15, ya kamata a shekara a samo aƙalla 2 masu irin wannan shanyewa wadda gwaji zai nuna ba shan inna ba ce. Ƙaramar hukumar da ta shekara tana cewa ba ta ga ko ɗaya ba, ba yabo za ta samu ba, tambaya za ta sha, domin alama ce ta idon da ba ya gani. Kowane yaro da aka samu kuwa sai an ɗebi bahayansa sau biyu, tsakaninsu aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da fara ciwon, a sa a akwatin sanyi a kai ɗakin gwaji na Ibadan ko na Maiduguri. Ka yi tunanin ƙanƙarar da za ta jure tafiyar babur a watan Afrilu daga ƙauyen da babu lantarki. A irin waɗannan ƙananan abubuwa ƙa'idar ƙasa take tsayawa ko ta faɗi.

Akwai inda misalin gero ya gaza mini. Gero yana haƙuri, ka zuba a rumbu ka dawo baɗi. Labarin annoba tumatir ne, kwandon da ya kwana uku a tasha sai dai a zubar. Ga sanƙarau an yanka iyaka ƙarara. A yankin da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, idan lissafi ya kai mutum 3 cikin 100,000 a mako guda, an shiga matakin faɗakarwa, idan ya kai 10 annoba ce. Mako guda, ka ji. Wanda ya tara rahoton wata biyu ya aika a dunƙule ya kashe amfanin iyakar. A Disamban 2016 sanƙarau ya fara a Zamfara, amma sanarwa ba ta isa NCDC ba sai tsakiyar Fabrairun 2017. Kafin annobar ta lafa a watan Yuni an ƙirga mutum sama da 14,000, sama da 1,100 sun rasu. Ga shi kuma nau'in C ne, alhali allurar da aka yi ta yi wa jama'a a shekarun baya ta nau'in A ce. Allurar da ta dace tana wani rumbu na duniya, masu riƙe da makullinsa kuma ba sa buɗewa da rantsuwa, sai an nuna musu lissafin mako-mako da sakamakon gwaji. A wannan kasuwa takardar ce kuɗin. Cutar kuma ba ta san shingen kan iyaka ba, kamar yadda aka gani a ƙarshen 2022 zuwa 2023 da ta taso a jihar Damagaram ta kuma bayyana a Jigawa. Da Nijar da Najeriya ba da tiya ɗaya suke awo ba, da jami'an ɓangarorin biyu ko sun zauna ba za su fahimci juna ba.

Wani ciwon kan kuma shi ne yawan masu saye, kowa da tiyarsa a hammata. Shirin zazzaɓin cizon sauro da rajistarsa, na tarin fuka da tasa, na allurar rigakafi da tasa, mai ba da tallafi daga waje ma yana son a cika masa nasa. Dalilin ƙirƙiro IDSR ke nan tun farko, amma har yau teburin ƙanwata bai rabu da tarin littattafai ba, kuma hannu ɗaya ne ke cika su, shi ne kuma ke karɓar haihuwa. Kwamfuta ta rage wani abu. Bayan Ebola ta 2014, masana na Najeriya da na cibiyar Helmholtz ta Jamus suka ƙera manhajar SORMAS, wadda lokacin korona aka faɗaɗa ta ko'ina a ƙasar, ga kuma DHIS2 da ke ɗaukar lissafin wata-wata. Yanzu abin da DSNO ya shigar a waya, jiha da Abuja suna iya ganinsa nan take. Sikeli ne ya shigo kasuwa, kuma na yarda ya fi tiya. Sai dai sikeli ba ya gane jiƙaƙƙen hatsi, abin da aka ɗora masa shi yake faɗa, kuma sai da caji da data yake magana.

Sannan ga hatsin da ba ya zuwa kasuwa sam, wanda ake ci a gida ko a sayar ta kan katanga. Mutum nawa ne a cikinmu idan zazzaɓi ya kama yaro asibiti yake fara nufa? Kyamis ne farko, sai mai maganin gargajiya, sai malam, asibiti sai abin ya gagara. Asibitoci masu zaman kansu ma ƙa'ida ta hau kansu, amma ba kowanne ke ɗaukar fom da muhimmanci ba. Alhali a irinsu ne Dakta Ameyo Adadevoh ta tsaya kai da fata a Legas a Yulin 2014, ta hana Patrick Sawyer, mai ɗauke da Ebola, fita, aka sanar da hukuma. Ebola ta tsaya a kan mutum 20, takwas suka rasu, har da ita. Wani lokacin ma abin da ya taso ba shi da gida a fom ko kaɗan. A 2010 yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suna jijjiga. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen neman sanƙarau ne suka ci karo da lamarin, aka bincika aka ga gubar dalma ce daga dutsen zinare da ake daka a cikin gidaje, yara wajen 400 kuma suka tafi. Shi ya sa yanzu tsarin ya buɗe kunne ga jita-jita ma. Mai unguwa, ungozoma, liman, mai haƙa kabari, duk wanda ya ga mace-mace da ba a saba gani ba zai iya faɗa, akwai ma lambar kyauta ta NCDC, 6232.

Inda na fi jin tausayin masu wannan aiki shi ne wurin da kasuwa ta fi su gata. Goggo idan ta auna, kuɗi take karɓa a hannu nan take, mai saye kuma gobe zai dawo ya yaba ko ya yi ƙorafi. Mai cika fom aunawa take yi ta tura sama, sau da yawa ko amsa kuwwa ba ta ji. Littafin ƙa'idar ya ce a riƙa mayar wa na ƙasa da bayani, a gaya musu abin da lissafinsu ya nuna da sakamakon samfurin da suka aika. A ganina wannan sashe ne aka fi sakaci da shi, alhali ya fi sayen sababbin kwamfutoci sauƙi. NCDC takan fitar da rahoton mako-mako a intanet, amma wanda ke Abuja ya fi wadda ta haifar da lambobin saurin ganinsa.

Kafin in taso na tambayi ƙanwata labarin wani yaro da ta ce ta ɗebi jininsa kan zargin ƙyanda wata biyu da suka wuce. Ta ce yaron ya warke har ya koma makarantar allo, sakamakon ne dai bai dawo ba. Uban yaron kuma duk ranar kasuwa sai ya biyo ya tambaye ta, "Malama, me takardar ta ce?" Ta rufe rajistar, ta ɗauki fom ɗin ta ɗaga waya sama tana neman sabis, ta ce in ɗan jira ta, wajen bishiyar darbejiyar can ya fi kamawa.